Sanarwar Ƙarfe Tara

Fitowa ta sha ɗaya

Yau ba doguwar gaisuwa. Baiwar Allah da ta turo mini saƙo cewa, "Anti Huseina, ki riƙe Malam Abdulgani hannu biyu, irinsa sun ƙare a kasuwa," ki matso kusa, da ke nake. Ki karanta wannan har ƙarshe. In kin gama kina nan a kan bakanki, ki zo ki ɗauke shi, har da motarsa, har da masu tura ta.

Ga wanda ya shigo yau: sunana Huseina, shekarata ashirin da tara, 'yar Gwandu ce ni, kuma bara na gama digiri na biyu. Shekara biyu na yi ina bin tambaya guda: idan ƙungiyoyin ƙasashen waje suka rubuta rahoto suna Allah wadai da cin zarafin mutane, shi wanda ke kulle a ɗaki sauƙi yake samu, ko ƙara masa duka ake yi? Ban tsaya ga takardu ba. Na shiga rugage da ƙauyukan da ke bayan Dodoru da Kambaza, na zauna da iyayen samarin da 'yan sa-kai suka kama suka ajiye, ba ɗan sanda, ba kotu. Kowa na canza masa suna a cikin kundin. A nan ma sunayensu da za ku gani ba na gaskiya ba ne.

Ranar Talata saƙo ya shigo wayata: wata ƙungiyar masana a ƙasar waje ta zaɓi kundina ya zama na ɗaya a bana cikin na ɗaliban Afirka. Lambar yabo, takardar shaida, da gayyata in je in yi bayani. Inna, mahaifiyata, ta rangaɗa guɗa har kajinmu suka watse. Baffa Ɗahiru, ƙanen mahaifina wanda yake riƙe da mu tun rasuwar Baba, ya gyara hula ya ce, "To madalla. Tunda Turawa sun sa hannu, karatu ya ƙare ke nan. Sai a tsai da rana."

Ranar aurena da Malam Abdulgani yake nufi.

Malam malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Kalgo. Shekararsa arba'in da shida, matarsa ta rasu shekara biyar da suka wuce. Duk ranar da zai zo zance sai ya rina furfurar gemunsa, kuma duk ranar sai rinin ya sauka a wuyan rigarsa. Motarsa ba ta tashi sai a gangare, shi ya sa ya san duk wani tudu da ke tsakanin Kalgo da Gwandu fiye da taswirar da yake koyarwa. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Lokacin da Baffa ya ce ɗiya mace ba ta yawon rugage ita kaɗai, shi ya ce zai riƙa kai ni. Inna a gaba da filas ɗin shayinta, ni a baya da littafin rubutu. Wata shida muna haka, bai taɓa tsaki ba.

A wannan yawon muka san Zulai. Bafulatana ce, siririya, mijinta ya rasu. An kama ɗanta Lukuman ranar kasuwa, ya je sayar da ɗan maraƙi. Wata goma sha huɗu ke nan yana kulle a wani ɗaki bayan ofishin 'yan sa-kai na wani ƙauye. Duk Asabar takan kai masa dambu da nono, su bar ta ta gan shi ta taga. Wannan tagar ita ce duk abin da ya rage mata.

Sai a zuwa na huɗu ta yarda ta yi magana. Ta kori kowa daga bukkar, ta kama hannuna ta ɗora a kan ƙwaryar nononta, ta ce, "Ki ɗauki maganata ki kai inda za ki kai. Amma ki bar mani sunana nan." Na ce na ɗauki amana. A kundina, "Uwa ta Bakwai" ce.

To, ranar Asabar da safe ina tsakar gida a kan 'yar kujera, ɗaure da zanen atamfar da ta koɗe, ina tsince shinkafa a faifai. Wayata ta yi ƙara, saƙon Malam ne.

"Assalamu alaikum, ranki ya daɗe, gwarzuwar Afirka. Ki kunna rediyo ƙarfe tara daidai. Ki kira Inna ta zauna kusa. Kada ki tambaye ni komai."

Har da hoton fure guda uku. Na yi murmushi, ni shashasha. Na ɗauka waƙa ya zaɓa mini a zaɓi-sonka.

Inna ta ɗauko rediyonta ta jingina a jikin randa. Aka gama labarai, sai mai sanarwa ya gyara murya.

"Sanarwa ta musamman. Malam Abdulgani Usman Kalgo, a madadin kansa da iyalansa da abokan arziki, yana taya Malama Huseina Ibrahim Gwandu murnar lambar yabo ta duniya da ta samu, a kan bincikenta game da tsare bayin Allah ba bisa ƙa'ida ba a yankinmu."

Inna ta dafe ƙirji tana dariya. Ni kuwa tun a "yankinmu" hannuna ya tsaya cikin shinkafa.

"Yana miƙa godiya ga malamanta, da Baffanta Alhaji Ɗahiru, da mahaifiyarta. Haka kuma godiya ta musamman ga waɗanda suka ba da bayanai don wannan aiki ya yiwu."

Ya fara jero su. Suna, sunan uba, sunan ruga. Mutum tara. Ta ƙarshe ya ja ta da kyau, kamar mai kiran wadda ta ci gasa.

"Da kuma Malama Zulai, mahaifiyar Lukuman, wadda ta ba da gudummawa mafi girma. Allah Ya kuɓutar mata da ɗanta. Za a maimaita wannan sanarwa ƙarfe ɗaya da ƙarfe biyar, har kwana uku."

Ban san lokacin da faifan ya kife ba. Kaji suka yi biki.

Ku da kuke birni ba za ku gane ba. A wajenmu makiyayi yana iya mance takalminsa, ba ya mance rediyonsa. Haka ɗan sa-kai: bindiga a kafaɗa ɗaya, rediyo a ɗaya. Kuma yau Asabar. A daidai wannan lokacin Zulai tana kan hanya da kwano a kai.

Dariyar Inna ta ɗauke. Ita ma ta zauna a ƙofar bukkar nan, ta ji kukan da aka yi a ciki. Ta ce a hankali, "Wanga bawan Allah mi ya kai shi?"

Na kira shi sau shida, layi a cike. Sai ga saƙo: "Na san farin ciki ne ya hana ki haƙuri. Jama'a ke ta kirana. Zan neme ki." Da hoton fure.

Na kira lambar ƙanen mijin Zulai, shi kaɗai ke da waya a rugar. A kashe.

Na zura doguwar riga baƙa, na ja hijabin da ya zo hannuna, ruwan toka, ko guga babu. Takalmin wanka ne a ƙafata, sai a tasha na lura. Inna ta biyo ni har zaure tana cewa, "Ke, bari Baffanki shi dawo." Na ce, "Inna, ƙarfe ɗaya za su maimaita."

Motar Birnin Kebbi ta ƙi cika. Da ta cika, sai direba ya tuna bai sha mai ba. A Ambursa aka tsaya ɗaukar buhunan albasa. Wani dattijo kusa da ni yana ba maƙwabcinsa labari: "Ka ji ɗiyar Gwandu da ta kai ƙarar 'yan sa-kai wajen Turawa?" Ban kai ƙarar kowa ba. Amma kafin azahar haka labarin zai zama ko'ina, na sani. Na ja hijabi na rufe rabin fuskata. Saƙonnin taya murna sai shigowa suke, kowanne kamar mari.

Sha ɗaya da rabi na sauka a Kalgo. Ban sha wahalar nemansa ba. Yana majalisarsu, gindin dalbejiyar da ke ƙofar gidansa, cikin farar shadda sabuwa fil da hula zanna, ya harɗe a kan benci, abokansa biyar kewaye da shi ana shan shayi. Ga rediyo a tsakiya, an ajiye shi kamar baƙo na musamman, ana jiran ƙarfe ɗaya.

Mace ba ta tsayawa a majalisar maza. Na tsaya.

Wani ya ce, "Ah, ga amarya da kanta ta kawo godiya!"

Malam ya miƙe yana washe baki. "Ranki ya daɗe! Da kin faɗa ai da na zo na ɗauko ki."

"Malam, ina son magana da kai."

Ya ga takalmin wanka. Murmushin ya ragu kaɗan. Muka matsa jikin motarsa, wadda aka ajiye a gangare kamar kullum.

"Wa ya ba ka izinin faɗin sunayen nan?"

"Izini kuma? Godiya ce fa."

"Na ce wa ya ba ka?"

"Malama Huseina, sassauta murya, ana jin mu."

"Yanzu ka san ana ji? Jihar Kebbi kaf ta ji ka da safe!"

Ya cire hula ya mayar. "Ni ban ga laifi ba. Matar nan sau nawa ta dama mana fura? Ta yanka mana zabuwa, ita da ba ta da komai. A ambaci farfesa, a ambaci Baffa wanda ko sau ɗaya bai taka rugar ba, a bar ta? Wane ɗan halas ne zai yi haka? Ni ba a haife ni in ci abincin mutum in mance sunansa ba."

"Ka karanta kundin?"

"Na karanta mana."

"Babi na huɗu me ya ce?"

Ya dubi tayar mota, kamar an rubuta amsar a jiki.

"Malam, me ka karanta?"

"Na karanta sadaukarwa. Da shafin godiya." Ya yi ƙasa da murya. "Na ga sunana a wurin. Daga nan Turancin ya yi nauyi, na ce sai an yi hutu."

Wallahi da ba a titi muke ba da na zauna a ƙasa. Shekara biyu ina aiki, mutumin da zai aure ni ya karanta shafi biyu, ya tsaya a inda ya ga kansa.

Na ce, "To bari in karanta maka da Hausa. Babi na huɗu cewa ya yi: in mutum sananne ne, ambaton sunansa a duniya yana iya kare shi, don masu riƙe da shi sun san ana kallo. In kuwa talaka ne a daji, wanda ba lauya, ba ɗan jarida, ba kowa, ambaton sunansa nuna shi ne da yatsa. Masu rahoto su koma ƙasarsu, shi a bar shi da waɗanda aka kunyata. Wannan ne abin da aka ba ni lamba a kansa, Malam. Kai kuma ka tashi da safe ka gwada shi a kan Zulai, sau uku a rana, har kwana uku."

Sai kuma ya ɗago, ya faɗi abin da har yanzu yake ci na.

"To ke fa? Hawayenta kika kwasa kika kai, aka buga sunanki a sama da manyan baƙaƙe. Za ki hau jirgi. Ita ko sunanta babu, lamba ce, ta bakwai. Ɗanta yana nan inda yake. Ni dai na ce duniya ta san da ita."

Na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Kun san abin da ya fi ba ni haushi? Tun ranar Talata nake yi wa kaina wannan tambayar, ban faɗa wa kowa ba. Amma gaskiya a bakin wanda ya yi ɓarna ba ta gyara ɓarnar.

"Ita ta zaɓi haka. Sunanta ne, ba nawa ba, ba naka ba. Abu ɗaya ta roƙe ni a duniya. Ka san yau wace rana ce?"

"Asabar."

"Ina take zuwa ranar Asabar?"

Na ga lokacin da abin ya isa kansa. Bakinsa ya buɗe. Gumi ya gangaro ta cikin gemun, ya ɗauko rinin ya sauke a kan farar shaddar. Ya ce, "Innalillahi." Ya sake cewa. Sannan ya hau laluben waya, ya kira abokinsa na gidan rediyo. Sha biyu da minti arba'in aka cire sanarwar. Mutumin har yana tambaya ko ranar ɗaurin aure za a sa a madadinta.

Malam ya ce, "Mu tafi rugar yanzu."

"Da wannan motar da kowa ya sani? Mu ƙara nuna musu ƙofar bukkar? Kai ni gida. In sami Baffa, ya nemi hakimi ko wani mai faɗa a ji, tun kafin abu ya lalace."

'Yan majalisa suka tura mana motar. A hanya ya yi ƙoƙarin magana sau biyu.

"Huseina, wallahi don in faranta miki..."

"Tuƙi, Malam."

Bayan Birnin Kebbi ya sake cewa, "In kin ce a fasa, ba zan ga laifinki ba."

"Kana ganin aurenka ne a raina yanzu?"

Saƙon Inna ya shigo, irin wanda take sa maƙwabciya ta rubuta mata: "Baffanki ya ji kin tafi Kalgo. Ya ce mutum ya yi maki alheri a rediyo ki bi shi da faɗa, wace irin ɗiya ce ke. Ya ce ki ba Malam haƙuri kafin ki shigo gida." Na kife wayar a cinya. Na sake gwada lambar rugar. A kashe.

Ana kiran azahar muka shigo unguwarmu. Tun daga kwana na hango babura huɗu a ƙofar gidanmu. Bindigogi uku jingine da bango, kusa da butocin alwala. An shimfiɗa babbar tabarma ta baƙi a zaure, wadda ba a fitowa da ita sai da dalili.

Malam ya taka birki, motar ta mutu.

Baffa ya fito da fara'arsa, babbar riga na jan ƙasa. Ya mance ma yana fushi da ni. "Ke Huseina, ina kika shige? Ga manyan baƙi tun ɗazu. Kwamanda Habibu na 'yan sa-kai da kanai ya zo taya ki murna. Kin gani? Abin arziki rediyo ya jawo muna."

Na shiga zauren da takalmin wankana. Mutum huɗu, riguna cike da layu. Na tsakiyar ba shi da jiki, fuskarsa a sake, irin wanda za ka tambaya hanya a kasuwa. Na durƙusa na gaishe su, don Baffa yana kallo.

"Malama, sannu da ƙoƙari," in ji shi. "Munka ji a rediyo, munka ce ɗiyarmu ta ɗaukaka, ba mu zama ba mu zo ba. Ashe har da mutanenmu anka yi aikin."

Na ce, "Karatu ne kawai na makaranta."

"Awo, karatu. Ai shi muka so mu ƙaru da shi." Ya juya ga Baffa yana murmushi. "Ita ma Zulai ta zo da sahe da kwanonta. Munka ce ta ɗan zauna wajenmu tukuna, ta huta. Tana can. In munka ga abin da ta ce, sai ta tahi gida."

A bayana Malam Abdulgani ya dafa bango.

Baffa, wanda bai ji komai a maganar ba sai girmamawa, ya tura masa faranti. Kwamanda ya miƙo hannun hagu ya ɗauki goro. Yatsu huɗu ne a hannun.

Ban taɓa ganinsa ba sai yau. Amma na san hannun. Shafi uku na rubuta a kansa, da abin da ya yi wa Lukuman a daren farko, kalma bayan kalma kamar yadda Zulai ta faɗa mini. Na canza sunan ƙauye, na canza sunan kowa. Yatsun ne ban canza ba.

"Ɗauko muna littahin, Malama," ya ce, yana ɓare goron. "Kada ki damu da Turanci. Na zo da mai karanta mani."

Na buɗe baki in ce yana makaranta. Baffa ya riga ni. Ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya yana kiran Inna:

"Maryam! Wanga littahi mai baƙin bango da ke cikin kabad ɗinki, miƙo shi!"

Sannan na ji takun Inna, a hankali, ta nufi ɗaki.